Haƙoran Yaya a Kafaɗar Sarkin Fawa

Idan kana son ka ɓata wa Nababa yini guda, ba sai ka zage shi ba. Ka shiga ofishinsa da ke bayan kasuwar Baima, ka tsaya gaban durowar gilashin nan ta kusa da taga, ka nuna abin da ke ciki ka ce, "Waɗannan 'yan tsanan fa, na yaranka ne?" Shi ke nan ka jawo wa kanka. Zai ajiye wandon jins ɗin da yake duba ɗinkinsa, ya cire tabarau, ya zaunar da kai ya yi ta bayani har shayinka ya huce.

Abin da ke cikin durowar mutum-mutumin roba ne na 'yan kokawar Turawa, masu wasan nan da ake kira resilin, sun fi ɗari. Nababa Bakano ne, shekararsa arba'in da uku, sha ɗaya daga ciki a Guangzhou ya yi su. Sana'arsa ya samo wa 'yan kasuwar gida wanduna daga Xintang, ya duba, ya ɗaure, ya tura. A harkar wando mutum ne mai sauƙin kai. A harkar 'yan robar nan kuwa ba ya jin kira.

A wurinsa zamani uku ne aka yi. Akwai na yanzu, masu gaɓoɓi talatin, hannu ya juya, wuya ya juya, fuska kamar hoton fasfo, masu sayensu ko kwalin ba sa buɗewa, sai su rataye a bango suna kallo. Waɗannan yana da su, amma a ƙasan durowa suke. Akwai na farkon shekarun casa'in, ƙanana masu tauri, da za ka ja musu hannu su kai naushi. Su ma ba laifi. Sai kuma na ƙarshen shekarun tamanin, manya, zallar roba ciki da waje, ba abin da ke motsi a jikinsu, nauyi kamar taɓarya ƙarama. Waɗannan su ne mutane. "Ka jefi yaro da ɗaya, sai an kai shi kemis," in ji shi, kuma da alfahari yake faɗa. Duk wanda ya ce masa na yanzu sun fi kyau, sai ya dube shi da tausayi. Abu guda kuma da ya rantse a kai, jabu ba zai taɓa shiga durowarsa ba, alhali yana zaune a garin da za a yi maka jabun komai kafin la'asar.

Gaskiyar magana ita ce duk wannan dogon bayani na zamani, saboda guda ɗaya ne. A saman durowar, can tsakiya, akwai wani ƙato mai tumbi da jan kamfai, fentin gashinsa ya goge, hancinsa ya suɗe. Yana da sunansa na Turanci, amma su a gida Sarkin Fawa suke ce masa. Mahaifinsu ne ya tsinto shi a tulin gwanjo a Ƙofar Wambai lokacin Nababa yana ɗan shekara goma, ya kawo guda ɗaya tak ga 'ya'ya maza biyu, wanda duk mai hankali ya san faɗa ya sayo. Nababa da yayansa Abdulgafar suka yi ta jan sa a tsakar gida, wannan ya kama kai, wannan ya kama ƙafa. Da Abdulgafar ya ga abin ba zai ƙare ba, sai ya kafa masa haƙori a kafaɗar dama, ya ciza iya ƙarfinsa, ya ce, "To ga shaidata nan. Kai ina taka?" Shaidar ta zauna daram, haƙora huɗu, da ɗan fili a tsakiya inda wushiryarsa take.

Shekara ashirin da wani abu Sarkin Fawa yana hannun Abdulgafar. Ranar da Nababa zai taho China, a filin jirgi yayan ya zaro shi daga aljihun babbar riga ya tura masa cikin jaka yana dariya, ya ce aro ne, a dawo masa da abinsa. Bayan shekara uku ciwon ƙoda ya ɗauke yayan, Nababa bai ma samu jana'iza ba. Hotunan Yaya suna nan a waya, amma hoto ba a taɓa shi. Idan kewa ta taso masa, sai ya ɗauko Sarkin Fawa ya riƙa shafa kafaɗar da babban yatsa.

A ofis durowar take saboda matarsa Hafsah ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da gumaka ba, tana son mala'iku su riƙa shigo mata. Ya yi bayani har ya gaji cewa kayan wasa ne, ta ce to a kai su inda ake wasan.

A watan Mayu ya tafi Kano sabunta takardu, tafiyar mako uku ta zama bakwai. Ranar tafiyar ya ciro Sarkin Fawa da niyyar ya tafi da shi ya nuna wa 'ya'yan marigayi, ya ajiye shi a kan dogon teburin ofis, wani ya kira shi a waya kan wasu wanduna da aka ɗinka da gajeren zik, ya fita yana faɗa, ya wuce filin jirgi. Sai da jirgi ya tashi ya tuna. Ya ce ba komai, yana nan inda ya bar shi.

Da ya dawo, ko jakarsa bai kai gida ba ya biya ofis. Teburin yana nan da tarkacensa, wanduna, takalma, hulunan yara, fitilun caji. Sarkin Fawa ne babu. Ya duba durowa, gurbinsa a sama wayam.

"Hafsah, ina ɗan robar da na bari a nan?"

Tana zaune a bayan kwamfuta, don ita ta riƙe ofishin da ba ya nan. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wanne? Mai tumbin nan? Ai Alhaji Maidaji ya ɗauka."

"Ya ɗauka? Ya kai ina?"

"Ina zan sani, Abban Saffana? A kan tebur fa yake."

Nan ne abin ya fi ƙona masa rai, don ba ta yi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin ɗan kasuwa a garin nan ya san ƙa'idar teburin. Abin da ke kansa samfur ne. Baƙo ya zo ya juya shi, ya shinshina, in ya yi masa ya jefa a leda ya tafi wurin masu ƙerawa ya ce a yi masa dubu irinsa. Ba a neman izini, ba a godiya, mai ofis ma murna yake yi. Nababa da kansa ya sha gaya wa baƙi, "Duk abin da ka gani a teburin nan, ɗauka kawai."

"Ba ki san wane ne wannan ba? Na Yaya ne fa!"

Sai a lokacin ta ɗago. Fuskarta ta canza. "Innalillahi. Wallahi ni duk kamarsu ɗaya a idona. Na ɗauka wanda ka gaji da shi ne ka fitar."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya kira Maidaji sau shida ba a ɗauka ba, a na bakwai aka ce masa ana kasuwar Shahe, hawa na uku, wajen masu rigunan mata.

Maidaji mutumin Maraɗi ne, dattijo mai fara'a, wanda ba ya iya kallon abu bai auna yadda zai tafi a kasuwa ba. Sun fi shekara takwas suna hulɗa. Nababa ya same shi zaune kan dila yana fifita da kwali, zafin Yuli ya jiƙa masa riga.

"Malam Nababa! Sannu da hanya. Ina mutanen Kano? Kai, Allah shi yi maka albarka, eshantiyon nan naka, samfurin da na ɗauko bisa tebur, ya yi kyau ƙwarai."

"Alhaji, ina yake?"

"Kwantar da hankalinka, tsaya ka gani." Ya sa hannu a jaka ya zaro Sarkin Fawa ya miƙa masa.

Nababa ya karɓa da hannu biyu, har ya fara hamdala, sai hannunsa ya gaya masa gaskiya kafin idonsa. Ba nauyi. Kamar ka ɗauki gorar ruwa da aka shanye. Amma komai yana nan, tumbin, jan kamfan, gogaggen gashin, suɗaɗɗen hancin. Ya juya kafaɗar dama. Haƙora huɗu, da fili a tsakiya.

"Ka gani ko?" in ji Maidaji yana washe baki. "Na ce ma matar nan mai izin ɗin, mai masana'antar robar, sem-sem nika so, kada ta canza mini ko ɗigo. Ka san halinsu, in ba ka tsare su ba sai ka ce ja su yi maka ruwan hoda. Dubu biyu da ɗari huɗu ta buga. Yaran Maraɗi za su haukace a Sallah."

Nababa ya ji kamar ya kwanta a ƙasan kasuwar ya yi ta birgima. Shekara sha ɗaya yana kare durowarsa daga jabu, yau ga haƙoran yayansa an buga su dubu biyu da ɗari huɗu kamar tambarin sabulu.

"Alhaji, wannan cizon da ka sa aka kwafa, na yayana ne da ya rasu. Abin da ya rage mini nasa ke nan. Ina na asalin?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar dattijon. Ya cire hula ya mayar. "Subhanallahi. Mi ya sa ka aje shi bisa tebur?"

"Kada ka tambaye ni wannan. Don Allah kada ka tambaye ni."

Maidaji ya kira matar. Ya haɗa Turancinsa da Faransancinsa da ɗan abin da ya tsinta na yaren garin, yana ta "lawban, lawban," wato "shugaba," ita kuma muryarta tana fitowa da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Nababa ya tsinci kalma ɗaya da ya fi tsana a duniya, meyo, wato babu. Ya fizge wayar ya yi mata tambayar da kansa. Ta ce a'a, ba ɓata ya yi ba, a wurinta ne babu. Su ba sa riƙe samfurin mutane. Ta sa an mayar da shi cikin ɗaya daga kwalayen, har ta sa alama da jan biro a gefe.

"Kwalayen suna ina?" Nababa ya tambayi Maidaji.

"Suna sito. Yau da ƙarfe huɗu za a loda kwantena."

Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce a lokacin.

Siton yana can bayan gari, rumfar kwano ce mai faɗi da zafi kamar gidan burodi. Kwalayen Maidaji sittin ne, an jera su a lungu. Kuma kamar yadda ake yi wa duk kayan da za su hau teku, an saka kowanne cikin koren buhu, an ɗinke, an naɗe shi da salatif tun daga sama har ƙasa. Alamar jan biro tana ciki, inda ba mai ganin ta sai Allah.

Nababa ya ari wuƙa ya farke na farko. 'Yan kokawa arba'in suka zubo, kowanne a ledarsa, kowanne da cizo a kafaɗa. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, duk iska. Ya farke na biyu. Kafin ya gama na uku mai siton ya iso yana ɗaga hannu yana nuna agogo, yana cewa wa zai sake naɗe wannan ɓarnar, motar tana hanya, kuma kwantenar ba ta Maidaji kaɗai ba ce, kayan mutum tara ne a ciki. Maidaji ya ja shi gefe yana ba shi haƙuri. Nababa ya duba agogo. Kwali uku sun ci masa kusan rabin awa, saura hamsin da bakwai. Gumi yana shiga masa ido, salatif ya manne masa a gwiwar hannu, ya yi tsaki ya fi a ƙirga. Haushin Maidaji yake ji, da na Hafsah, da na mai gajeren zik ɗin nan da ya kira shi ranar, amma duk bai kai haushin kansa ba.

Yana kan na biyar sai ga Hafsah, ta rufe ofis ta biyo su a tasi. Ta tsaya ta dubi tulin 'yan robar da ke ƙasa, ta dubi mijinta.

"Haka za ka yi ta yi har su loda?"

"In kina da wata dabara ki faɗa. In babu, ki bar ni."

"Ba kai ne kullum kake cika mana kunne da cewa na da sun fi nauyi ba? Wai a jefi yaro sai kemis?" Ta nuna bakin ƙofa da haɓa. "Ga sikeli can."

Ya bi hannunta da kallo. Sikelin sito ne, mai faffaɗan ƙarfe da jan lambobi, wanda ake ɗora kowane kaya a kai kafin ya fita. Kwalaye iri ɗaya, kaya iri ɗaya, dole nauyi ya zo ɗaya, sai wanda ya ɗauki baƙo. Bai yaba mata ba, don ba ya cikin halin yabon kowa. Ya sunkuci kwali ya yi wajen sikelin.

Shi da Maidaji suna ɗorawa suna saukewa, Hafsah tana karanta lamba. Kilo biyar da ɗigo biyu. Biyar da ɗigo biyu. Biyar da ɗigo uku, ya farke da sauri, ashe salatif ne aka yi wa yawa. Dattijo Maidaji yana haki, ya tuɓe babbar riga ya rage daga shi sai singileti, bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ƙarfe huɗu saura kwata suka ji ƙugin mota a waje. A kwali na arba'in da ɗaya Hafsah ta ce, "Biyar da ɗigo bakwai."

Ya yanka buhun. Ga jan biro a gefen kwalin. A can ƙasa, ƙarƙashin sauran, akwai wata jar jaka ta yadi mai zare a baki, irin wadda suke saka kyauta a ciki. Tun kafin ya buɗe ya ji nauyin a tafin hannunsa, nauyin da ya sani tun yana ɗan shekara goma. Ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, ya kwance zaren.

Wani sabon mutum ne ya fito. Gashi baƙi wuluk yana sheƙi. Hanci ya dawo da tsininsa. Kamfan ja zur, har da ɗan farin layi a ƙugu. Ya juya kafaɗar dama. Sumul take kamar ƙwai. An cike ramukan, an goge, an shafe da fenti, an yi aikin da kyau ƙwarai, ko da farce ba ka jin inda suke.

Akwai ɗan kati a cikin jakar. Hafsah ta ɗora wayarta a kai ta fassara, ta karanta a hankali. Matar ce ta rubuta. Ta ce kayan an yi su daidai da samfur kamar yadda aka nema. Amma sun ga samfurin ya tsufa, har wani abu ya cije shi a kafaɗa, don haka babban mai fentinsu ya kwana biyu yana gyara shi, kyauta, saboda girmama abokin ciniki. Tana fatan za a ji daɗi.

Nababa ya nemi wanda zai zaga ya rasa. Matar alheri ta yi. Maidaji ƙa'ida ya bi. Hafsah ma haka. Ya zauna a kan kwali, Sarkin Fawa a cinyarsa, yatsansa yana ta kai da komowa a kafaɗar yana neman abin da babu. Baƙin ciki ya rufe shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka kira shi daga Kano aka ce an riga an binne.

Maidaji ya tsuguna a gabansa. "Malam Nababa, ka yahe mini. In ka ce kada kayan ga su tahi, wallahi ba su tahiya. Sai in sa a ƙone su."

Nababa ya dubi tulin da ke ƙasa. Ko'ina ya kai ido kafaɗa ce, ko'ina haƙora huɗu da fili a tsakiya. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya yage ledar, ya rufe ido ya ɗora yatsa. Ba nauyi, kuma warin sabuwar roba yake yi. Amma ramukan suna nan daidai inda suke, na gefen hagu ya fi zurfi, kamar yadda yake tun ranar.

"A'a, Alhaji. Bar su su tafi," ya ce. "Wannan ɗayan dai na ɗauka."

"Ɗauki kwali guda!"

"Ɗaya ya isa."

Suka taya ma'aikatan naɗe abin da suka farke, aka loda, mota ta tashi.

Kafin magariba suka koma ofis shi da Hafsah. Ya buɗe durowar gilashin, ya mayar da mai nauyin gurbinsa a sama. Ya tsaya yana kallon sa, yana ƙyalli a tsakiyar tsofaffin abokansa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Sai ya ɗan tura shi baya, ya zaro ɗayan mai cizon daga aljihu, ya tsayar da shi a gaba, ya karkata shi yadda kafaɗar dama za ta fuskanci kujerarsa. Da yake ba shi da nauyi, sai da ya faɗi sau biyu kafin ya tsaya.

Hafsah tana bakin ƙofa da jakarta. A hankali ta ce, "Ka ce jabu ba ya shiga nan."

"Na faɗa," in ji Nababa.

Ya kai hannu zai rufe gilashin, sai ya fasa. Ya sake ɗora yatsa a kan kafaɗar, ya daɗe a haka, ita kuma ba ta ce masa su tafi ba.